Babi na Bakwai: Ina Za Mu Ci?

Mutanen Aujara ba sa rasa dalilin shiga Dutse. Yau dubiya ce a asibitin Rasheed Shekoni, gobe bikin yaye ɗalibai a Jami'ar Tarayya, jibi bin takardar fansho a sakatariya ko rakiyar maniyyaci filin jirgi. Kuma da wuya mutum ya tafi shi kaɗai. Mota guda ake cikawa: dattijo, gwaggo, matar wa da goyonta, samari biyu, da maƙwabcin da ya ce a rage masa hanya. Idan an gama abin da ya kawo mutane, an yi azahar, ciki ya fara kiran ciroma, sai a tsaya cirko-cirko a inuwa, kowa na jiran wani ya fara magana. Can sai wani ya ce, "To, ina za mu ci?"

Galibi wanda ya fi sanin gari shi ke amsawa, kuma wurin da shi yake jin daɗinsa yakan ambata. Daga nan matsala take farawa. Wurin da ya karɓi ɗan jami'a da abokinsa ba lalle ne ya karɓi mutum takwas masu bambancin shekaru da aljihu da lafiya ba. A kowace tawaga akwai wanda ya fi kowa nisan gida, akwai wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi, akwai wanda ya fi kowa kunya, akwai kuma mai larurar da ba kowane abinci yake ci ba. Da waɗannan mutum huɗu ya kamata a auna wurin cin abinci. Su ne kuma waɗanda kara ba za ta bar su su buɗe baki su faɗi damuwarsu ba. Saboda haka nauyin mai zaɓe ne ya tuna da su tun kafin ya ambaci sunan wuri.

Daga zaure zuwa gidan abinci

Kakanninmu ba su san wannan tambaya ba. A zamaninsu baƙo gidan wani yake sauka, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa ruwa da fura, da dare kuma akusa su riƙa fitowa daga cikin gida da gidajen maƙwabta. Magidanta suna ciyayya a ƙofar gida, kowa a kawo tuwon gidansa a haɗa a ci tare, baƙo kuma ya sa hannu ba tare da an tambaye shi ko sisi ba. Fatake ma da suka yi nisa da gida suna da tsarinsu. A zangunan hanyar Gwanja akwai fatoma mai saukar da ayari. A unguwar Sabo ta Ibadan, mai gida ne ke saukar da masu kawo shanu daga Arewa, ya ba su ɗaki, ya ciyar da su daga girkin gidansa har su sayar su juya.

Abincin sayarwa yana nan tun da, amma na kasuwa ne: fura da nono, ƙosai, waina, tsire, irin wanda har yau ake samu a Gujungu da Shuwarin da Maigatari ranar da kasuwa ke ci. Sai dai mutumin da ke ji da girmansa ba ya zama a bainar jama'a ya ci. Malaman fiƙihu ma sun lissafa cin abinci a kasuwa, ga wanda ba ɗan kasuwa ba, cikin abubuwan da ke rage kamalar mutum. Wannan tarbiyya ba ta gushe ba, tana nan a jinin dattawanmu, kuma duk mai zaɓen wurin cin abinci dole ya yi lissafi da ita.

Abin da ya sauya Dutse shi ne ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ta mai da Dutse babban birni. Ma'aikata suka kwararo garin da ba shi da gidajen da za su ɗauke su. Da yawa suka bar iyalansu a Kano, su kwana a Dutse ranakun aiki, ƙarshen mako su koma. Magidancin da ba shi da mai girka masa a gari dole ya nemi inda zai saya, sai mata masu tuwo suka kafa rumfuna kusa da ofisoshi. Daga baya gari ya ƙara buɗewa. A mulkin Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, an yi tituna da gidaje da filin jirgin sama. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse. Masu yi wa ƙasa hidima da ke sauka a sansanin Fanisau suka zo da nasu ɗanɗanon, aka samu masu sayar da sakwara da amala da miyar agushi. Cikin shekaru talatin da 'yan kai, garin da baƙo ba ya ci sai a zaure ya zama garin da sai an tsaya an yi zaɓe.

Abin da gari yake da shi

Wuraren cin abinci a Dutse, kamar na Haɗeja da Birnin Kudu da Gumel, ana iya kasa su gida biyar, kowanne da irin tawagar da ya dace da ita.

Na farko rumfar mai tuwo. Benci biyu ko uku, tebur mai shimfiɗar leda, randa ko jarkar ruwa a gefe. Hajiya na zaune a kujera 'yar tsugunno, kuloli sun kewaye ta. Ta buɗe wannan, malmalar tuwon shinkafa ce a naɗe cikin leda, tururi na tashi. Ta buɗe wancan, na masara ne. Tukunyar miyar kuka tana kan garwashi tana ɓararraka a hankali, ta taushe na gefe, man shanu na cikin 'yar roba da cokali a tsaye. Ba ta rubuta komai, amma ta san wanda ya ce a ƙara nama biyu da wanda ya ce kada a sa masa yaji. Nan ne aka fi samun araha da abincin da cikin mutanen gida ya saba da shi. Inda take gazawa shi ne wurin zama da sirri.

Na biyu gidan abinci na zamani: fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, tebura masu kujeru huɗu, abinci jere a bayan gilashi, dafa-duka, soyayyiyar shinkafa, taliya, kaza, lemon kwalba. Akwai sanyi, sau da yawa akwai bayan gida, amma kuɗin faranti ɗaya zai iya ciyar da mutum biyu ko uku a rumfa. Na uku ɗakin cin abinci na otal, inda ake samun natsuwa da fili, sai dai sau da yawa sai an yi oda ake ɗora tukunya, don haka wuri ne na wanda ba ya sauri. Na huɗu bukar 'yan kudu, wadda ta dace idan a tawagar akwai abokin aiki ko malamin makaranta da ya yi kewar abincin garinsu. Na biyar kuwa na yamma ne: mai tsire da balangu a gaban tukubarsa, mai gurasa, mai shayi da soyayyen ƙwai. Wannan na samari ne da abokai, a yanka nama a takarda, a barbaɗa yaji da albasa, a kewaye shi ana hira.

A cikin biyar ɗin nan babu wanda za a ce shi ne gwani a kowane hali. Madugu na ƙwarai da tafiyar mai rauni yake yanke zango, haka ma mai zaɓen wurin ci.

Su wa ke cikin tawagar?

A fara da dattijo. An zauna, an kawo ruwa, ɗansa ya russuna ya ce, "Baba, tuwo za a kawo maka ko shinkafa?" Sai ya kau da kai ya ce, "A'a, ku dai ku ci, ni alhamdulillahi." Tun asuba koko kawai ya sha. Abin da ya hana shi shi ne bencin yana bakin titi, duk mai wucewa zai gan shi, ga kuma mijin 'yarsa a zaune kusa da shi. Bahaushe ba ya sakewa ya ci abinci a gaban surukinsa, surukin ma haka. Idan aka matsa masa zai ƙara noƙewa, idan aka ƙyale shi zai koma Aujara da yunwa. Maganin abin tun wajen zaɓen wuri yake: a nemi inda ke da lungu ko ɗaki na ciki da za a shimfiɗa masa tabarma shi da sa'ansa. In babu, a zuba nasa a kula a kai masa inda zai sake, ko gidan wani ɗan uwa a gari. Ba a tambayar dattijo ko zai ci. Ajiye masa ake yi, a ce, "Baba, ga ruwa nan," a ba shi wuri.

Sai mata. Gwaggo da matar wa ba za su zauna a benci ɗaya da direbobi da 'yan acaɓa ba, mai niƙabi kuma ba za ta ɗaga shi a gaban maza ba, mai goyo tana bukatar inda za ta juya ta shayar. Alhazanmu sun ga yadda gidajen abinci a Makka da Madina suke ware sashen iyali, wasu har da labule a kowane zama. A ƙarshen 2019 hukumomin Saudiyya suka daina tilasta raba ƙofar shiga, amma wurare da yawa sun ci gaba da ware sashen saboda masu saye suna so. A Dutse ma, gidan abincin da ke da gefe na mata ya riga ya warware rabin matsalar tawagar da ta fito daga ƙauye. Kafin a sauke kowa daga mota, mutum ɗaya ya shiga ya duba: ina mata za su zauna, akwai makewayi, akwai ruwa a cikinsa?

Sai mai larura. Ciwon suga da hawan jini sun yawaita a gidajenmu, kuma masu su ba sa son a riƙa nuna su a taro. Mai ciwon suga zai fi samun abin ci a inda ake da wake, ko tuwon alkama, ko miyar ganye, ko kwaɗon zogale, fiye da inda babu komai sai farar shinkafa da lemon kwalba. Mai hawan jini gishiri da magi ne damuwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, alhali miyar sayarwa akan cika mata hannu don ta ja masu saye. Mai gyambon ciki yana bukatar inda ake ba da yaji daban. Wurin da ke da abinci iri uku ko huɗu na gida ya fi amfanar irin wannan tawaga a kan wurin da ya shahara da abu ɗaya.

Kada a manta da mai azumi. Ranar Litinin ko Alhamis da wuya a rasa shi a cikin mutum takwas. A saya masa nasa a ƙulle ya tafi da shi, a haɗa masa da dabino, wanda Dutse ba ta rasa shi.

Hanya da lokaci

Dutse gari ne mai faɗi. Garu, inda fadar Sarki take, tana jikin duwatsu. Jami'a tana kan titin Ibrahim Aliyu. Unguwanni irin su Takur da Gida Dubu da Fagoji kowacce da nata ɓangaren. Mutum ɗaya a kan babur duk wannan ba komai ba ne a wurinsa. Mutum takwas da ba su zo da motarsu ba kuwa, adaidaita sahu biyu ko uku za su ɗauka, zuwa da dawowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin wannan zirga-zirga kaɗai zai iya kai kuɗin abincin mutum biyu. Don haka ƙa'idar mai sauƙi ce: a ci kusa da inda aka gama hidima, ko a kan hanyar tasha. Kada a juya da jama'a baya saboda wani ya ce akwai wurin da miyarsa ta fi daɗi a can ƙarshen gari.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Abincin rumfa daga hantsi zuwa bayan azahar yake kan ganiyarsa. Idan la'asar ta wuce, ƙarshen tukunya za a tarar, nama ya ƙare, miya ta yi kauri da gishiri. Lokacin da ma'aikata ke fitowa cin abinci kuwa, samun wurin zaman mutum takwas a haɗe sai an yi sa'a. Ranar Juma'a wurare da dama sukan tsaya har a sauko daga masallaci. Idan akwai lambar mai abincin a hannu, kiran minti ɗaya yana rage jiran rabin awa: "Hajiya, muna tafe mu takwas, mata uku, a ajiye mana tuwo da miyar kuka, akwai dattijo a cikinmu." Mai abinci tana son irin wannan kira, domin ciniki ne tabbatacce.

A duba kuma ko akwai masallaci kusa da ruwan alwala, don kada cin abinci ya ci lokacin salla. Sannan a riƙa tuna mai nisan gida. Motocin da ke shiga garuruwan ƙasar Jahun da Miga suna raguwa idan yamma ta yi, wanda kuma zai sauka a Aujara ya sake hawa babur zuwa ƙauyensu, duk minti talatin da aka ɓata ana jiran a soya kaza, a kansa zai ƙare, musamman da damina idan hadari ya haɗo. Ga tawagar da za ta koma gida a ranar, abincin da ke dafe a kula ya fi wanda za a ɗora.

Maganar aljihu

Al'adarmu ita ce wanda ya ce a zo a ci shi ke biya, ko babba, ko mai albashi a cikin dangi. Al'ada ce mai kyau, amma ta yi nauyi a wannan zamani. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, a shekarar ne kuma aka mai da mafi ƙarancin albashi N70,000. A ɗauka faranti ɗaya da abin sha N4,000 ne a gidan abinci na zamani. Mutum takwas N32,000 ke nan, kusan rabin albashin ƙaramin ma'aikaci a zama ɗaya. Zai biya yana murmushi, domin ba zai yarda a ga gazawarsa a gaban dangi ba, amma iyalinsa ne za su ji a jikinsu kafin ƙarshen wata.

Akwai hanyoyi uku na kare mutuncin kowa. Ta farko, a tambayi farashi kafin a zauna. Babu abin kunya a ce, "Nawa ne malmala, nawa ne nama?" Abin kunya shi ne a gama ci a tsaya ana jayayya a gaban baƙi. Ta biyu, idan ƙaro-ƙaro za a yi, a gama shi tun a mota ko a gefe tsakanin masu hali, a damƙa wa mutum ɗaya ya biya. Wanda ba shi da shi kada ya ma san an yi. Idan kuwa abokai ne sa'o'in juna, a faɗa tun kafin a tashi cewa kowa zai biya nasa, sannan a zaɓi wurin da mafi ƙarancin kuɗi a cikinsu zai iya shiga ba tare da ya ce ya ƙoshi ba.

Ta uku ita ce tire. Maimakon faranti takwas, a ce a zuba a manyan tire biyu, ɗaya na maza ɗaya na mata, a jera naman a sama. Yakan fi araha, abinci ba ya saura a zubar, kuma babu wanda zai ga cewa farantin wane da cinyar kaza, na wane kuwa gaya ne da miya. Mai ƙaramin ci ya bar wa mai babban ci, babba ya tura wa yaro tsoka. Ciyayyar ƙofar gida ce ta dawo a cikin birni, addininmu kuma ya kwaɗaitar da haɗuwa a kan abinci saboda albarkar da ke ciki.

Sai yadda za a biya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, masu abinci da yawa sun koma karɓar kuɗi ta waya ko ta na'urar POS. Amma sabis yakan ɗauke, kuɗi ya fita daga asusu bai isa ba, a bar mutum a tsaye jama'a na jiransa a rana. Mai biya ya tambaya tun farko yadda ake karɓa, ya kuma riƙe tsabar kuɗi a aljihu ko da rabin abin da za a ci ne.

Abin da ido zai duba

Kuskuren zaɓe a wajen tsafta ya fi kowanne tsada, domin mutum takwas ne za su kwanta, har da yaro da tsoho. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa kimanin mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo kowace shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 daga ciki su rasu, kuma nahiyar Afirka ce abin ya fi yi wa nauyi idan aka kwatanta da yawan jama'a. Mu ma mun gani a gida: a annobar kwalara ta 2021, wadda ake zaton ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Fenti da fitilu ba sa nuna tsafta. Akwai rumfar kara da ta fi wani gidan gilashi kula. Ga abin da za a duba. Abinci ya zo da zafinsa, tururi na tashi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin zafi, shi ya sa masana suka ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba sanyi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Dutse ke haura digiri 40, abinci ya fi saurin juyawa. Shinkafa ta fi bukatar a kiyaye ta: akwai ƙwayar cutar da ke jure dahuwa, idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta hayayyafa ta saki dafi, ɗumamawa kuma ba ta kashe wannan dafin. Shinkafar da ta bushe a sama ko ta fara yauƙi, a bar ta.

A dubi wajen wanke hannu. Idan kwano ɗaya ne kowa ke tsoma hannu, a nemi buta da sabulu, wani ya zuba wa wani. A leƙa inda ake wanke kwanuka a ga launin ruwan ɗauraya. A dubi ko kulolin a rufe suke, ko rumfar na bakin kwata, ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ke damƙar nama. Ɗanyen ganye irin latas da kabeji, da zoɓo ko kunun aya mai ƙanƙara, lafiyarsu tana ga ruwan da aka yi amfani da shi. Idan zuciya ba ta kwanta ba, a tsaya ga abin da wuta ta dafa, a sha ruwan da ke rufe.

Akwai alama ɗaya da ba ta cika yaudara ba: wurin da direbobin tasha da ma'aikata ke komawa kullum. Inda ake ciniki da sauri abinci ba ya kwana, kuma mai abincin da ta san gobe ma waɗannan fuskokin za ta gani ba za ta yi wasa da cikinsu ba. Mai zaɓe ya tambayi direban da ya kawo su, ko ɗan garinsu da ke aiki a Dutse. Hoton abinci a Facebook ko WhatsApp yana nuna kyan faranti ne kawai, bayan rumfa kuwa sai wanda ya saba zuwa.

Kira ga masu gidajen abinci

Dutse babban birni ne na jiha mai ƙananan hukumomi 27, kuma da yawa daga cikin masu shigowa cikinta kullum mutanen karkara ne da wata bukata ta kawo su. Duk da haka tsarin gidajen abinci da yawa na mutum ɗaya ne ko biyu: ma'aikaci, ɗalibi, matafiyi. Iyalin da suka zo su takwas ba a yi tanadinsu ba, alhali su ne cinikin da ya fi tsoka.

Abin da ake bukata ba mai tsada ba ne. Labule da zai raba gefen mata. Tabarma biyu a lungu don dattawan da ba sa son kujera. Buta da sabulu a bakin ƙofa. Farashi a rubuce a allo da Hausa, yadda mai ƙaramin ƙarfi zai yi lissafinsa a zuci ba tare da ya tambaya ba. Manyan tire da farashinsu na mutum huɗu ko shida. Makewayi mai ruwa. Miya ɗaya mai sauƙin gishiri da yaji. Yaran da ke kai abinci kuma a koya musu gaisuwa, su san yadda ake russuna wa tsoho, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kayan girkin ma ƙasar nan tana da su: shinkafa da kifin Haɗeja, riɗi da zoɓon da Jigawa ke fitarwa har ƙasashen waje, gero da dawa da wake daga gonakin Jahun da Kiyawa, nono daga rugagen da ke kewaye. Duba-gari su ma su riƙa zagayawa akai-akai, suna koyarwa kafin su hukunta, don mai saye ya samu natsuwa, mai sayarwa kuma ta san abin da ake nema a wurinta.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana wuyan wanda aka ce ya zaɓa. Amana ce aka ba shi ta cikin mutane da aljihunsu da mutuncinsu. Idan aka tashi dattijo ya ci ya ƙoshi, mata sun sake, mai biya bai shiga bashi ba, mai nisa ya samu mota da sauran rana, to ya sauke amanar, ko da a rumfar kara aka zauna. Irin wannan zama ne ke sa dangi su yi marmarin sake fita tare, zumunci kuwa da irin waɗannan fitar yake ƙarfi.